Faifan da Ban Buɗe Ba

Yaya Radek,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama, ya mutanen Bytom? Ni lafiya lau, sanyin kamfanin kifin nan na Norway ne kawai ya farfasa min yatsu.

Sabon faifan kiɗan metal na mawaƙan unguwarmu ya iso. Jiya abokin aikina ya ce sun yi laushi, wai mai gangar ya tsufa. Na ce masa, "Kai da kunnen kifi, me ka sani?" Da ƙyar aka raba mu.

Alhali ban ma saurara ba. Yana cikin ledarsa, tunda tare muke fara jin kowane faifai a garejin Baba. Na samu hutun Ista. Ka gyara lasifika, ka fara ba maƙwabta haƙuri. In ka riga ni ji, kada ka gaya min.

Ƙaninka,
Zbyszek