Ruwa Ya Cinye Hanyar da Ɗana Ya Sani

Malama Rashida, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni ɗan acaɓa ne a Ikara. Ɗana Zayyad shekararsa bakwai, likita a Zariya ya ce yana da lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Ba ya magana sosai. Da ƙyar wata makaranta ta karɓe shi, kuma ni nake kai shi kullum, yana gabana kan tanki, ta hanya ɗaya: mu wuce mai ƙosai, mu bi gefen gonar rake, mu haye kwalbati. In mun zo kwalbatin sai ya buga tanki da tafin hannu yana dariya.

To damunar bana ruwa ya cinye kwalbatin. Dole na koma zagayawa ta bakin kasuwa, inda injinan niƙa suke. Ranar farko ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu har makaranta. Wani abokin sana'ata ya ce in ja masa hula ta rufe ido, wai in bai gani ba shi ke nan. Na gwada, ashe yaron har ramukan tsohuwar hanya ya haddace. Muna cikin gudu ya fizge zai dira, Allah ne ya sa na cafki rigarsa.

Tun ranar, ko ƙarar babur ya ji sai ya shige bayan ƙofa yana kaɗa hannuwa, yana cizon yatsa. Uwarsa ta ce a bar shi a gida. Mahaifina ya ce sangarta ce, a ɗaure hannun. Makaranta kuma sun aiko cewa in fashin ya yi yawa za su ba wani gurbinsa. Na rasa zaune na rasa tsaye.

Uba mai fargaba, Ikara

Baban Zayyad, sannu da ƙoƙari. Hular nan dai a bar ta a kanka.

Uwarsa na da gaskiya, kada ya sake hawa babur sai ya natsu. Kai ma kana da taka, zaman gida ba zai koya masa sabuwar hanya ba. Mahaifinka kuwa a lallaɓa shi: ba sangarta ba ce. Sanin abin da zai biyo baya shi ke kwantar wa irin Zayyad hankali, kaɗa hannu kuma da shi yake rage tsoro. In an ɗaure, tsoron zai ƙaru. Cizon ne za ka kai wa likitansa.

Ku taka da ƙafa ya ga kwalbatin da idonsa. Sannan ku fara bin sabuwar hanyar a ƙasa, lokacin da aka kashe injina, kaɗan-kaɗan, kana faɗa masa inda za ku tun daga gida. Ɗauki hotunan hanyar a waya ya riƙa kallo. Samo masa abin toshe kunne in zai yarda da shi. Ranar da zai koma kan babur, ya zauna a bayanka, wani babba na riƙe da shi.

Makaranta kuwa kada ka aika, je da kanka ka yi musu bayani, ka nemi uzuri. In sun ƙi, kada ka yi gaggawa saboda su. Gurbi in ya tafi ana samun wani, Zayyad kuwa ɗaya ne.

Allah ya raya shi, ya tsare muku hanya.