Tambayar da ɗiyarka ta yi mani

Assalamu alaikum, Yaya. Ka gafarce ni da na dame ka kana cikin hidima. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman baƙunta? Allah shi sa kuna lahiya.

Ɗiyarka Hadiza bana ta shiga ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, nan Madawa, an fara koya masu filo, wato falsafa. Mushensu, wato malamin da ke koya masu, ya tambaye su ko akwai ƙaryar da ta halatta, ya ce su yi tunani. Shekaranjiya maƙwabta sunka zo duba Baba, na ce masu da sauƙi. Da sunka tafi ta ce, "Inna, kwana ukku bai ci tuwo ba. Wannan ba ƙarya ba ce?"

Na ce haka munka taras ana faɗi. Amma tun ran nan maganar ke damuna, don mala'iku na rubutawa, kuma kai ma abin da nake gaya maka ke nan tun girbi.

Yaya, jikin Baba ya yi tsanani. Ko kunu sai da lallashi. Ina tsoro ƙwarai. Ka sa mu addu'a, ka gaida mutanen gida. Don Allah ka amsa da wuri.

Ƙanwarka, Rabi