Baƙar Ƙasar da Na Zuba wa Zogalenki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi.

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga uwarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Na dai rasa wanda zan faɗa wa maganar nan ya ji ta yadda za ki ji ta, shi ya sa na rubuto miki a fili, duk mai son karantawa ya karanta.

Inna, jibi za a sare zogalenki. Ni da kaina na kira mai gatarin. Kafin ki yi fushi da ni, ki bari in ba ki labarin tun daga farko, don ni ma a fusace nake, kuma na kwana biyu a haka.

Kin tuna jujin bayan gidanmu na Gyadi-Gyadi. Toka ce da kashin awaki, ɓawon gyaɗa, ganyen da aka naɗe alale, sai tsumman da ya gama mutuwa. Kafin saukar damina Malam Tanko zai zo daga ƙauyensu da jakinsa da mangala, ya yi sallama, ya nemi izini kamar mai neman aure, sannan ya kwashe ya kai gona. Da kaka kuma ya dawo mana da damin gero da kabewa. In na yatsine fuska don warin wurin, sai ki ce, "Ke, a gidan nan ba a zubar da komai, a waje dai ake ajiye shi."

Daga ƙasan jujin nan kike ɗebo wa zogalenki taki. Ki damƙo ƙasar, ki murza ta a tafin hannu, ki miƙo min in gani. "Kalli baƙinta, wannan ta ƙoshi." Ban san maganar ta zauna min a kai haka ba.

Sai aka zo ana ta shela a rediyo cewa an buɗe ƙofar ciniki da duniya, an cire shinge, kaya za su shigo da araha, talaka ma zai ɗana. Ba zan yi miki ƙarya ba, mun ɗana. Firjin da ke ɗakina na hannu ne, talabijin ma haka, kuma ranar da aka kawo su har guɗa kika yi min. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne, a cikin kwantenar da ta kawo firjina akwai wasu tari da suka mutu tun a can. Matattun talabijin, matattun kwamfuta, batura manya da ƙanana, duk an rubuta musu "na hannu" an turo mana. Wanda ya tashi a sayar, wanda bai tashi ba kuma ba ya komawa.

Bayan rasuwarki wani Alhaji ya sayi filin jujin, ya zagaye shi da langa-langa. A nan ma'aikatansa suke ƙona wayar lantarki don su cire jan ƙarfen ciki. A nan suke fasa batir da gatari, su tsiyaye ruwansa a ƙasa, su narkar da dalmar a kasko. In ta daskare a loda a mota, a nufi tashar jiragen ruwa da ita, ta koma ƙasashen da kayan suka fito. Mai amfanin ya koma gida tsaf, mu kuma aka bar mana hayaƙi da toka.

Damina biyu da suka wuce zogalen ya fara yin rawaya, ganyen yana zuba. Hankalina ya tashi, don shi kaɗai ya rage a tsakar gidan da hannunki ya dasa. Wata rana bayan an ɗauke ruwa na zagaya baya, na tarar ruwa ya kwararo da ƙasa ta ƙarƙashin langa-langar, ya tara ta a jikin katangarmu. Baƙa wuluk, mai laushi. Na damƙa, na murza, sai na ji muryarki. Na koma na ɗauko bokiti. Sawu nawa na yi ban ma ƙirga ba, na zuba wa zogalen, ragowar na baza wa alayyahu da yakuwa.

Ni fa, Inna. Ni malamar asibiti, da nake tsayawa gaban mata ina koya musu wanke hannu kafin su taɓa abincin yaro. Na san dalma a littafi, na ci jarrabawa a kanta. Amma da na gan ta a bayan gidanmu cikin kamannin taki, ban gane ta ba. Da zogalen ya murmure, wataƙila ma ruwan sama ne kawai ya tashe shi, har alfahari na riƙa yi. Na yi kwaɗo, na yi dambu, na aika wa Maman Chinedu maƙwabciyarmu ganye cikin faranti, tana ta godiya.

Takwararki, 'yata Ummi, ba ki gan ta ba, amma goshinki ne da ita sak. A gindin bishiyar nan take wuni tana tuwon ƙasa, hannu a ƙasa, hannu a baki. Ciwon ciki ya fara damunta, ta daina cin abinci, abu kaɗan sai kuka. Na ba ta maganin tsutsa har sau biyu. Sai malamarsu ta islamiyya ta aiko cewa surorin da yarinyar ta haddace suna zubewa, abin da ta iya bara yanzu sai an ja ta. Na zaci wasa ne ya yi mata yawa. Na dake ta, Inna. Wannan ne ba na iya yafe wa kaina.

Wani likita a wurin aikinmu ne ya tambaye ni sana'ar da ake yi kusa da gida. Na faɗa masa batir ake fasawa a bayan gidanmu. Aka ɗebi jininta, sakamako ya fito, gubar dalma ce. Ya ce magani zai rage ta jini, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba zai yi min alkawari a kai ba. Ya ce a raba ta da wurin, a kwashe ƙasar, bishiyar ma kada a ƙara cin ganyenta. Yanzu tana gidan Yaya Asabe a Babban Giji. Maman Chinedu ma na je na faɗa mata ta kai nata 'ya'yan a gwada, ban iya kallon idonta ba.

Na je wajen Alhajin. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo min ruwa, ya ce takardunsa cikakku ne, kayansa ta ƙofa suka shigo, kuma bakuna da yawa ne ke ci a wurin. Ya ƙare da cewa ciwo ƙaddara ne. Ban sha ruwan ba. Na je ofishin hukuma, aka tura ni wani ofishin, can ma aka ce in rubuto a takarda. Wani mai babbar riga ya tsaya yana yi min bayanin amfanin ciniki ga tattalin arziki, ni da na baro 'yata ana yi mata ƙarin ruwa.

Magidantan da ke fasa baturan da hannu tsirara ba na jin haushinsu, tarinsu ma har ɗakina nake jiyowa. Haushina yana kan waɗanda suka san abin sarai. A can ƙasarsu doka ta hana su fasa batir a bayan gidan mutane, zubar da shi yadda ya kamata kuma yana da tsada, sai suka ga ya fi sauƙi a canza masa suna a sa a jirgi. Haushina yana kan namu da suka zauna a ɗaki mai sanyi suka sa hannu, suka buɗe ƙofa ba su tsayar da mai dubawa ba. 'Ya'yansu ba sa tuwon ƙasa a Gyadi-Gyadi. In wannan ne cinikin, ina so a faɗa min me aka ba ni a madadin haddar 'yata.

Shekaranjiya Malam Tanko ya zo yi mana sannu. Ya tsufa sosai. Jakin ma babu, masu sayen fata don fita da ita waje sun bi ƙauyuka sun kwashe. Ya daɗe da daina ɗibar sharar birni, ya ce leda ta yi mata yawa, tana shaƙe gona. Yana shigowa soro ya ga buhunan ƙasar da na sa aka haƙe daga tsakar gida. Kafin in yi magana ya zura hannu, ya murza, ya kai hanci. "'Yar Inna, wannan ai irin ta da ce. Ki ba ni ita mana."

Na fizge hannunsa. Dattijon da ya girmi Baba, na ja shi bakin famfo na wanke masa da sabulu har gwiwar hannu, ina kuka. Ya tsaya yana kallona bai gane laifin da ya yi ba.

Buhunan suna nan a soro, na rasa inda zan kai su. In na zuba a kududdufi, dabbobi na sha. In na zuba a kwata, ruwan zai gangara lambun wani. In na kai bola, wata za ta zo ta ga baƙinta ta ɗiba yadda na ɗiba. Su da suka aiko mana sun sami wurin zubarwa, mu ne. Ni ko ba ni da wanda zan tura wa, kuma ko da akwai ba zan tura ba.

Innata, ki yafe min bishiyarki. Ko reshe ɗaya ba zan ajiye in sake dasawa ba, tsoro nake ji. Ba ki koya min ƙarya ba, a zamaninki baƙar ƙasa ƙoshi gare ta da gaske. Jiya na je ganin Ummi, na zaunar da ita a cinyata na ce ta karanta min ƙulhuwallahu. Ta fara da kyau, ta kai tsakiya ta tsaya. Sai ta ɗaga hannu ta kare fuskarta.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa aljanna ce makomarki. Allah ya ba takwararki lafiya, ya mayar mata da abin da aka ɗauke mata. Waɗanda suka sani suka aiko, da waɗanda suka sani suka buɗe, ban yafe ba, Allah ya bi mana haƙƙinmu.

Taki har kullum,
Binta.