Abin da Ake Bari a Kashi

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ɗana Jageshar ya ce gobe zai kai ni Kashi, birni mai tsarki na bakin kogin Ganga a nan Indiya, in buɗe ido. Ɗan da ya sayar min da saniya bai tambaye ni ba, yau shi ne da buɗe ido. Matarsa Lalmuni har da wanke min mayafi. Wannan da ta kore ni daga tsakar gida saboda tofin taba. Alheri ya yi yawa, ni kuma ba yaro ba ne.

Haka 'ya'yan Bechan maƙwabcina suka yi masa. Suka kai shi wanka a Ganga, suka dawo da lemarsa kawai. Wai ya ɓace a cunkoso.

Ban taɓa zama a aji ba, a jikin buhunan taki na koyi baƙaƙen nan. Amma zan rubuta, ko don in an tsinci gawata a san Sukhari bai tafi a makance ba.

Talata, 5 ga Nuwamba

A jirgin ƙasa na ƙulle bakin mayafina da jelar rigar Jageshar. Ya ce, "Haba Baba, akuya ka samu?" Na ce akuya ma ta san gida. Ko banɗaki tare muka je.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Gari ne ko ramin tururuwa. Lunguna kamar hanji, sama ba ta ganuwa. In ka kauce wa babur bijimi ya tare ka, in ka kauce wa bijimi sai ga makara a kafaɗun mutane ana gudu da ita zuwa bakin ruwa. Na daina duban makarun, duk tsawona ne.

Sun sa ni a kwalekwale wai in ga gidajen sarakuna. Ban ga komai ba sai hayaƙin wurin ƙona gawa. Mai tuƙin ya dube ni ya ce, "Kaka, ka yi sa'a, wanda ya mutu a nan ba ya sake dawowa duniya." Na ce masa ubanka ya riga ni. Jageshar ya yi dariya. Dariya!

A matakalar kogi tsofaffi jere, kowa da ƙoƙonsa. Na riƙa leƙa fuskokinsu ko zan ga Bechan.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Mun yi wanka. Ruwan sanyi kamar ya tsinke ƙashi. Malamin bakin kogi, wani mai tumbi a ƙarƙashin laima, ya ce kowa ya zo Kashi sai ya bar wa Uwa Ganga abu guda da ransa ke so, ba zai ƙara taɓa shi ba har mutuwa. Na sani mana, uwar Jageshar mangwaro ta bari, ta mutu tana haɗiyar yawu.

Jageshar ya bar kabewar nan mai ɗaci da ko yana yaro ba ya ci. Ɗan wayo. Lalmuni ta ce sai ta yi tunani. Ni aka juyo, ta ce, "Baba, da ka bar tabar nan, ka ga bakinka duk gyambo." Na damƙe battar tabata. Na ce in sun gama barin abin da suka zo bari, sai a tambaye ni.

Suka dubi juna. Kallon nan ne ya hana ni cin abinci.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na yau dole sai na rubuta.

Da hantsi muna lungun masu sayar da furanni aka taho da makara, aka matse mu da bango. Da mutane suka wuce na ja mayafi, ya taho sakayau. Ba riga, ba Jageshar. Ƙullin da na yi da hannuna.

Ban yi ihu ba. Me zan kira? Wanda ya kwance ka ba ya son jin muryarka.

Na bi lungu, lungu ya kai ni lungu. Na tsaya wurin wani mai taba don in sami abin da zan riƙe zuciyata, ya ba ni wata ƙura. Na ce masa a garinmu ko jaki ba ya shaƙar wannan. Ya ce in tafi garin namu. Ina ma.

Na gangara matakala na zauna cikin tsofaffin. Wata tsohuwa mai aski ƙwal ta matsa min, ta ce, "Sabo ne? Zauna nan, rana ba ta dukan wurin." Ta miƙo min gutsuren gurasa. Ban taɓa jin tsoron abinci ba sai yau. Na san in na karɓa, na zama nasu.

Can sai lasifika ta kama sunana. Sukhari Mahto, ɗanka na nemanka. Tsohuwar ta ce, "Ba a kiran namu." Ban tashi ba. 'Ya'yan Bechan ma sun ce sun sa an yi cigiya.

Rana ta karkata sai na ji an finciko kafaɗata. Lalmuni. Kai ba lulluɓi, takalmi ƙafa ɗaya, babban yatsanta na jini. Ba gaisuwa ba komai: "Tsohon nan, kashe mu za ka yi? Ɗanka yana can yana duba gawawwaki yana kuka!" Na ce wa ya kwance ƙullin. Ta ce, "Wa ya kwance? Rigar ce ta yage, ga guntunta nan a mayafinka, ka duba mana!"

Na duba. Yana nan, ƙulle.

Wai masu taba ta bi ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko wani tsoho ya zage su. Na uku ko na huɗu ya nuna mata hanya da murna.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Jageshar ya tashi idonsa jajur. Da za mu fita shi ya kama mayafina ya ɗaure a wuyan hannunsa. Ƙullin banza, ko kara ba zai riƙe ba. Na ƙyale shi.

Na kai wa tsohuwar nan bargona. Dama ya yi min nauyi.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Gida. Maganar saniya tana nan, ban yafe ba.

Lalmuni ta shimfiɗa min tabarma a tsakar gida, ta ajiye kaskon tofi kusa da ni, tana ɗingishi. Ta tsaya jira. Daga baya ta ce, "Baba, ina battar taka?"

Na ce ta faɗa Ganga shekaranjiya. Hannuna ne ya suɓuce, matakalar da santsi. Ta ɗauke kaskon, ta kawo shayi.

Sukarin ya yi yawa. Na shanye.