Inna Ta Wanke Tsakuwar Kifinka

Zainuna, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, mijin da na raba soyayyarsa da tarwada ɗari biyu ban yi ƙorafi ba,

Ka zauna kafin ka karanta, amma kada ka firgita: yawancin kifinka suna nan da rai.

Ka tuna ranar da muka ɗauko su daga Yawuri a jarka, kowanne bai kai ɗan yatsa ba? Duk ramin da mota ta faɗa, jarkar kake tallafewa, ni kuwa kaina na bugun gilashi. A ranar ka yi mini alkawari cewa idan suka kai girbi, za ka bar fataucin Segbana ta ƙasar Benin, ka dawo Bagudo ka zauna. Tun daga nan nake kallon tankin da muka zuba su kamar mai kallon hanya. Wace mace ce ta taɓa rataya zuciyarta a gashin bakin kifi in ba ni ba?

Ranar Talata Inna ta zo. Ta ga tsakuwar da alayyafo da latas suke tsiro a kai ta yi gansakuka, ta riƙe haɓa, ta ce wannan ƙazanta ba a gidan ɗanta ba. Ta nemi sabulu da ruwan zafi. Ya hasken raina, na san ƙwayoyin da ido ba ya gani da ke cikin dattin nan su ne ke mayar da kashin kifi abincin ganye, su tace ruwan ya koma tanki, kuma sabulu da ruwan zafi kashe su za su yi. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta irinsu! Amma ta yaya zan buɗe baki in gyara wa mahaifiyarka? Kunya ta ɗaure ni. Ni na ɗebo mata ruwan.

Washegari ruwa ya yi fari, kifi suka taso sama suna haki, ni ma ina haki tare da su. Na hana su abinci. Na riƙa sauya rabin ruwan daga rijiya har tafin hannuna ya yi kanta. Na je wurin abokinka Sambo, ya ɗebar mini tsohuwar tsakuwa mai ƙwayoyin daga nasa tankin, na rungumo dattin nan kamar turaren amarya. Tara suka mutu.

Yau da safe na watsa abinci, suka yi ta wawa har ruwa ya yi kamar yana tafasa! Wayyo daɗi, Zainu! Na zauna a ƙasa na yi dariya har na share ido.

Saura wata biyu su kai girbi. Ka fara sallamar mutanen Segbana, ya ruwan farkon damina. Kuma kada ka yi jinkiri, don Inna ta ji daɗin aikinta, ta ce za ta dawo ƙarshen wata ta sake wankewa. Kai za ka faɗa mata ta bari. Ni dai na san zan sake ɗebo ruwa.

Taka ce ni, a ruwa mai kyau da gurɓatacce, har ranar da numfashina zai tsaya,

Hamdiyya