Mussar Inno

Tambuwal, 3 ga Maris, 1961

Yaya Abdulkarimu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikinka na ɗakin shan magani a Kebbe.

Yaya, ni na kashe mussar Inno, kyanwar nan tata. Ban taɓa faɗa ma kowa ba.

Ka san kakar tamu Auta take kiranta, tare suke kwana. To, ƙaya ta soke ta a ƙafa, tana ta ɗingishi. Sai na tuna ƙwayoyin ciwon kai da ka bar mana, ka ce babba guda, yaro rabi. Na ce ashe Auta kwata ke nan. Na daka na zuba mata a nono, safe da marece, kwana uku. A littattafan soyayyar da malamarmu ke ara mini, yarinya takan yi jinya, mara lafiya ya buɗe ido ya ga ita ce. Haka nika jin kaina. Ran na huɗu Auta ta yi ta amai tana haki, kafin azahar ta mutu.

Abin da ya fi damuna, Inno ta ɗora ma maƙwabciyarmu Baba Atu laifin. Auta ta taɓa cinye mata 'yan tsaki, har Baba Atu ta ce, “Sai na ga bayan ɓarauniyar nan!” Yanzu Inno ta sa an toshe kafar darnin da ke tsakaninmu. Shekara arba'in suna kaɗi tare, Yaya. Jiya Baba Atu ta miƙo fura ta saman darni, Inno ta ce, “Mayar mata, ni ba mussa ba ce.”

Mi zan yi?

Ƙanwarka,
Mu'minatu

Kebbe, 12 ga Maris, 1961

Zuwa ga Mu'minatu,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso. Na tambayi malamin dabbobi. Ya ce jikin mussa ba ya iya fitar da wannan magani kamar namu, taruwa yake yi har ya zama guba, ko ba a ba da da yawa ba. Dabba ba ƙaramin mutum ba ce. Ni ma da laifina, ban gargaɗe ku ba.

Auta ta tafi, amma Baba Atu na nan da ranta, tana ɗauke da kayan da ba nata ba. Ba zan samu zuwa ba sai babbar salla, kuma ba daga bakina ya kamata a ji ba. In kunya ta hana ki magana, ai kin iya rubutu.

Ki gaishe da Inno.

Yayanki,
Abdulkarimu

Tambuwal, 20 ga Maris, 1961

Yaya,

Ina gaisuwa. Sau biyu nika zama gaban Inno, bakina ya ƙi buɗewa. Sai na rubuta mata komai da ajami.

Da na gama na tuna idonta ba ya gani sosai, kuma ka san mai karanta mata takardunka. Ita ce ba a yi ma magana yau wata guda.

Takardar na ƙulle a bakin zanena. Ina jin Baba Atu tana daka. Kafa a toshe take, sai na zaga ta ƙofar gida in ba ta a hannu, in roƙe ta ta zo ta karanta ma Inno.

Ka yi mini addu'a. Na tashi.

Mu'minatu