Zanen Mai Kunya

Argungu, Litinin

Ƙanena Kalilu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Aminatu da yara. Na ba direba wannan takarda tare da busasshen kifi, tunda wayarka kullum a kashe take, wai kana aji.

Yarinyar nan yau kwananta goma sha takwas da haihuwa, tana wankan jego a ɗakina. Ka taya ni godiya, duk bokon da kuka ɗura mata bai cire mata kunyar ɗan fari ba. Ba ta ɗaukar jaririn sai an aza mata shi, ko nono take ba shi bango take kallo. Matan unguwa har misali suke yi da ita. Abinci ne dai ba ta ci, kunun kanwa ma sai da faɗa.

Yayarka, Laure

Gesse, Birnin Kebbi, Laraba

Yaya Laure,

Ina gaishe ki da hidima. Kifi ya iso, kuma ya fi wasiƙar daɗi. Na karanta littattafai har idona ya nemi tabarau, ban taɓa cin karo da kunyar da ke hana cin tuwo ba. Ke ma shekara ashirin da huɗu ba ki kama sunan Sakinatu ba don ita ce ta fari, amma ban ga kin bar loma a kwano ba. Ga takarda a liƙe, ki ba Sakinatu. Kada matan unguwa su taya ta karantawa.

Ƙanenki, Kalilu

Argungu, Asabar

Kawu,

Ina gaisuwa. Ka tambayi yadda nake. Kai kaɗai ka tambaya, kowa jaririn yake tambaya.

Ba kunya ba ce, Kawu. Ina dubansa ba na jin komai sai gajiya. Bayan wankan safe nakan zauna gefen tukunya in yi ta kuka, Inna ta ce zafin ruwa ne. Wani lokaci sai in ga da babu ni, da ya samu uwar kirki. Don Allah kada ka gaya wa Inna. Ban taɓa ganin tana alfahari da ni haka ba.

'Yarka, Sakinatu

Gesse, Litinin

Yaya Laure,

Bayan gaisuwa, an ba ni amana kuma ga shi zan ci. Takardar 'yarki tana cikin wannan, ki karanta a zaune.

Na kai maganar wurin maƙwabciyarmu Magdalena, ma'aikaciyar jinya. Ta ce ciwon damuwa ne da ke kama mata da yawa bayan haihuwa, ana maganinsa, amma ba a jira da shi. Na san za ki ce mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. To, akwai tukunya da itace a Gesse, kuma na bincika, ruwan Birnin Kebbi ma yana tafasa. Aminatu za ta ci gaba da yi mata wanka, likita ya duba ta.

Zan zo Asabar da mota. In kin hana, zan zauna a zaurenki in yi ta karanta miki littafi har ki sallama.

Na bar wasa, Yaya. Tsoro nake ji.

Ƙanenki, Kalilu

Argungu, Alhamis

Kalilu,

Na karanta, a zaune.

Da na haife ta kana makarantar kwana, ba ka ga ramata ba. Wata huɗu na yi ina kallon bango. Aka yaba kunyata, uwar mijina har ta ba ni zane. Yana nan ƙasan akwati, ban taɓa ɗaura shi ba. Na ɗauka haka kowace mace take ji.

Kada ka jira Asabar, ka zo gobe bayan masallaci. Na ɗaure kayan Sakinatu. Na ɗaure nawa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Laure